Amana da Littafin Lissafi: Darussan Ɗalibin Kasuwanci

Tun wajen shekarar 2007 darasin kafa sana'a da kasuwanci ya zama wajibi a jami'o'in Nijeriya, bisa umarnin Gwamnatin Tarayya ta hannun Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa. Mai karatun likitanci yana zama masa, haka ma mai karatun tarihi, domin masu kammala karatu a kowace shekara sun fi guraben aikin gwamnati da na kamfanoni yawa nesa ba kusa ba. Darasin yana tafiya ne da ƙafa biyu: dabarun nema, da ɗabi'un mai nema. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar na biyun a matsayin wa'azin da aka liƙa don a cika manhaja. Tarihin fataucin Hausawa ya nuna cewa wannan fahimta kuskure ce mai tsada.

Abu na farko da ɗalibi yake koya shi ne hango buƙata kafin kowa ya hango ta. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawan mulki sun sa rai cewa auduga za a riƙa lodawa zuwa masaƙun Ingila. Manoma kuwa suka auna, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ga shi kuma idan shekara ta yi tsanani ana iya cin ta. Daga 1912 gyaɗa ta mamaye tashar Kano. Waɗanda suka ci moriyar wannan sauyi su ne fataken goro, irin su Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955. Ya fi sauran jama'a sanin hanya, amma babban abin da ya riƙe shi ne mutane: yaran gida da wakilai a ƙauyuka, waɗanda za a danƙa musu kuɗi su shiga karkara su sayo gyaɗa su dawo da ita cif. Dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita a kan wannan yarda aka tara ta.

Sai lissafi. A nan ɗalibi yake gane cewa cinikin yini daban, riba daban, kuma uwar kuɗi ba ta ciwuwa. Shago yana iya cika da masu saye alhali yana kan hanyar karyewa, idan kayan suna fita bashi, mai ba da sari kuma yana jiran kuɗinsa a hannu. Kuɗin cefane da na biki da na asibiti idan suna fitowa daga aljihu ɗaya da kuɗin shago, mai shagon ba zai san ranar da ya fara cin jarinsa ba. Wannan darasi ba shi da wuyar fahimta. Riƙe shi ne ke da wuya.

Inda ya kamata a daɗe shi ne batun amana, kuma misalin da ya fi bayyana shi yana unguwar Sabo ta Ibadan. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen ya zauna da Hausawan wannan unguwa a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafinsa a kansu a 1969. Abin da ya tarar shi ne, falke yana kawo shanu daga Arewa ya sauka a gidan maigida, wato fatomansa. Maigidan ne yake ba shi masauki, ya haɗa shi da dillalai, a sayar wa mahauta Yarabawa shanun, galibi bashi. Falken bai san mahaucin ba, ba shi da takarda a hannu, kotu kuma ba ta cikin lissafinsa. Abin da yake da shi kawai shi ne lamunin maigida: idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya. Saboda haka dillalai suke bin diddigin kowane mahauci, su san wanda yake biya a kan lokaci da wanda ya fara ja da baya, su san iya nauyin bashin da zai iya ɗauka. Maigidan da ya ci amanar baƙo sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa zangunan Arewa, baƙi su ƙaurace wa gidansa.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake. Amana jari ce da ake juyawa kamar yadda ake juya kuɗi, ita ce take sa a ba mutum kayan da bai biya ba, ta kuma rage masa wahalar da maras ita yake sha. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Matashin da ya fito makaranta babu ko sisi, sunansa na kirki shi ne ruwan cikinsa. A yau ma a kasuwannin Kano irin su Kantin Kwari da Kasuwar Singa da Dawanau, kaya masu yawa suna fita ne a kan magana, a biya bayan an sayar.

Cin amana kuwa ba mai yinsa kaɗai yake cutarwa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waɗanda suka zuba maganin don gudun asara ba su ne kaɗai suka rasa kasuwar ba. Manomin da ya adana nasa da tsafta shi ma ƙofar ta rufe masa. Haka algus da tauye mudu da ɓoye abinci don ya yi tsada suke: ribar mutum ɗaya ce ta ɗan lokaci, asarar kuma ta kowa ce. Alƙur'ani ya keɓe sura guda da sunan masu tauye awo, kuma ɗalibin da ya san yadda kasuwa take tafiya zai ga hikimar wannan gargaɗi da idonsa.

Sai dai tsarin gargajiya yana da rauni da ya kamata a faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amanar tana rataye ne a wuyan mutum guda, lissafin kuma yana cikin kansa. Ranar da ya kwanta dama, magada ba su san wa yake bin sa ba, ba su san wa yake bi ba, a raba kaya, shagon da aka yi shekaru ana ginawa ya watse. Wasu 'yan kasuwa ma suna ganin neman a rubuta bashi alama ce ta rashin yarda, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Ƙiradi, inda ɗaya yake kawo jari ɗaya yake kawo aiki, ya fi aminci idan an rubuta kason kowa tun farko. Rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, asusun banki na shago shi kaɗai, da littafin shiga da fita, su ne suke ba sana'a damar rayuwa bayan mai ita.

Saboda haka ya kamata malaman wannan darasi su riƙa fitar da ɗalibansu daga aji su kai su gaban dattawan kasuwa, su ji yadda ake ba da kaya da yadda ake karɓar bashi. Ɗalibai kuma su buɗe littafin lissafi tun ranar da suka sayar da kayansu na farko, ko da ƙosai ne ko katin waya.