Maganin Indiya a Kasuwanninmu

Duk wanda ya ratsa kasuwar Kazaure ko ta Babura ya ji masu lasifika suna tallar ƙwayoyi da garin magani, wai daga Indiya aka kawo su, wai kwalba ɗaya ta isa ta kori basir da ciwon suga da hawan jini.

Ba a raina tsirran Indiya. Darbejiyar da muke shan inuwarta a Roni da Gwiwa ma asalinta can ne. Kuma daga saiwar wani tsiro da masu maganin gargajiyar Indiya na Ayurbeda suka daɗe suna amfani da shi aka tace sinadarin risafin a 1952, ya zama maganin hawan jini a asibitoci. Sai dai fa an auna shi, an gwada shi a kan marasa lafiya, an gano illarsa kafin likitoci su riƙe shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ba a auna ba. A 2004, masu bincike a birnin Boston na Amurka sun gwada irin waɗannan magunguna 70, suka tarar 14 na ɗauke da dalma ko makamantan ƙarafa masu guba. Mu da muka ga ɓarnar dalma a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani.

Saboda haka, Malam, Hajiya, a duba lambar NAFDAC kafin a saya. Mai ciwon suga kuma kada ya ajiye maganin asibiti saboda zaƙin bakin mai talla.