WASAN GEM: WA KE WASA DA WA?

Wannan jawabi ne da aka gabatar ga matasa 'yan'uwa na Anka, Gummi da Bukkuyum. Mun rubuto shi kamar yadda aka yi shi, sai 'yar taƙaitawa.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzon tsira (S), 'yan'uwa, an nemi in yi magana a kan wasan gem. Na san wasunku na jiran in ce haramun ne mu tashi. To, ba haka zan ce ba. Iyayenmu sun yi langa, sun yi kokawa, har gobe dattijai na zama gindin bishiya suna dara. Wasa shi a kan kansa ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne me yake ci, kuma aljihun wa yake cikawa.

Ɗauki na ƙwallo, wanda ake yi a shagon gem da PlayStation. Mutum biyu su biya, su zauna, wannan ya ɗauki Barcelona, wancan Madrid, minti goma an gama, an yi dariya. Wannan mai sauƙi ne, matuƙar ba a aza kuɗi a kai ba. In mai shago ya kashe janareta, kowa ya kama gabansa. Wato wasan yana da ƙarshe.

Amma wanda ya shigo cikin waya, wannan ba shi da ƙarshe, kuma da gangan aka gina shi haka. Free Fire ya fito a 2017, PUBG na waya a 2018. Ana jefa mutum hamsin ko ɗari a tsibiri, kowa ya nemi bindiga, fili yana ta ƙanƙancewa, har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Kun lura ba a dakatar da shi? In aka kira salla kana tsakiya, ko dai ka bar abokanka a kashe su, ko ka bar jam'i. Ku kuka san wanda kuke zaɓa. Sannan kullum akwai 'yar kyauta ga wanda ya leƙo, ranar da ba ka leƙo ba ta wuce ka. Mai kiwon kaji ma haka yake yi, yana watsa tsaba lokaci guda kullum har su saba.

Za ku ce ai kyauta ne. To, kamfanin da ke Singafo ko Chana, ƙaunarku ce ta sa yake ɗaukar ma'aikata dubbai? Kuɗin yana cikin kayan ado: riga, fentin bindiga, ɗan wasan ƙwallo mai tsada. Sai ka sayi lu'ulu'un Free Fire ko UC na PUBG da naira ta gaske. Mafi muni shi ne akwatin sa'a: ka biya, ba ka san abin da ke ciki ba, a buɗe, ko ka dace ko ka yi asara, ka sake biya. Mene ne sunan wannan da Hausa? Ƙasar Beljiyam, wadda ba ta Musulmi ba ce, a 2018 hukumarta ta ce wannan caca ce. Mu da Suratul Ma'ida ta haɗa mana caca da giya a aya ta 90, mu da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau tun 1999, mu ne za mu tsaya muhawara? Balle kuma ƙwallon kwamfuta na kamfanonin caca, da jirgin nan da ake zuba wa kuɗi yana tashi. Wannan ba ma gem ba ne, karta ce ta sake riga.

Yanzu maganar bindiga. Ban yarda da masu cewa gem ne ya kawo mana ta'addanci ba. Wanda ya shiga daji yana satar mutane ba PUBG ya kai shi ba. Akwai zalunci, da jahilci, da rikicin gona da kiwo, da sakacin masu mulki. Kada a ɗora wa waya laifin manya. Amma ina tambaya. A Anka akwai matan da suka baro ƙauyukansu da goyo, suna kwana a gine-ginen da ba nasu ba. Yaron da ya ji ƙarar bindiga ta gaske da dare, ya zo ya tarar da yayansa ya ƙure murya yana harbi yana shewa, me kake koya masa? Ko ba hukunci, akwai kunya. A Aceh ta Indunisiya majalisar malamansu ta haramta PUBG a 2019. A 2020 kuma kamfanin ya sa wasu gumaka da ɗan wasa zai rusuna wa don ya sami ƙarfi, sai da Musulmi suka yi ca a kai sannan aka cire. Kun ga ashe ana jin maganar mai saye in ya buɗe baki.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne mainin. A 2024 kowa ya ga yadda samari suka duƙufa kan Hamster Kombat, ana ta dangwalar waya dare da rana, wata da watanni, wai za a fashe. Da aka raba a watan Satumba, da yawa abin da suka samu bai mayar da kuɗin data da cajin waya ba. Masu abin kuwa sun riga sun tara ku miliyoyi, kuna kallon bidiyoyinsu, ana biyansu kuɗin talla. Mu mutanen wannan yanki mun san haƙar ma'adinai ta gaske. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Zinaren ya tafi birni, kaburbura suka zauna da mu. Wancan ya ci rayuka, wannan lokaci ya ci, ba ɗaya ba ne. Amma tsarin guda ne: kai ke haƙa, wani ke ɗauka.

Ku duba abin da Chana ta yi. Kamfanin Tencent mai PUBG na waya nata ne, amma a 2021 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya rak, ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mai tuya ya hana 'ya'yansa ci, ya aiko maka da kwano cike. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka. Alamarsa: ba ka iya tsayawa, ka fifita shi kan komai, kana ganin ɓarnar kana ci gaba.

A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya. An sha wuya, kasuwanci ya tsaya, ba a jin labarin dangi. Amma wanda ya rasa gem a makonnin nan, me ya same shi? Kowa ya ba kansa amsa.

Wani ya turo takarda yana cewa ai ana samun kuɗi da gem, an yi gasa a Riyad a 2024 da kyautar sama da dala miliyan 60. Gaskiya ne. Amma mutum nawa suka ci, cikin miliyan nawa? Kuma da wace wutar lantarki za ka kara da su daga Gummi? In kwamfuta kake so da gaske, koyi yadda ake rubuta gem ɗin, ko gyaran wayar da ake buga shi. Yau wayar yankinmu in ta lalace sosai sai an kai Gusau ko Sakkwato.

Kowace waya tana nuna awannin da aka yi a kan kowace manhaja. Ku buɗe ku duba na mako guda, ku rubuta a takarda, ku zo da ita zama mai zuwa. Ga shi an fara kiran la'asar. Wassalamu alaikum.