Ruwan Indararo: Dukiyar da Ke Malala a Titunan Ƙonni



Duk wanda ya kwana a Birnin Ƙonni cikin watan Agusta ya san yadda ruwan sama ke cika tituna har amalanke ya kasa wucewa. In ya komo a watan Afrilu kuwa, sai ya iske mata sun jera bido a bakin famfo tun asuba, ɗan garuwa yana yanka farashi son ransa.

Abin mamaki shi ne, mutanen jihar Tawa sun daɗe da sanin tarbon ruwan sama. A shekarar 1989 waɗansu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso a ƙarƙashin wani shirin FIDA, suka komo suka gyara tassa, wato ramukan da ke riƙe ruwa da taki a gindin hatsi, har faƙon da aka yi watsi da shi ya yi daraja. Madatsun Mozage da Zango da ke kan Magiya, ruwan damina suke tarewa don noman rani na Ƙonni. An tare wa gero, an tare wa albasa, amma ba a tare wa randar gida ba.

Ga lissafi, tun da ɗan kasuwa ba ya yarda sai ya ƙidaya. Milimita 1 na ruwa a kan rufi mai mita 1 tsawo da faɗi lita 1 ke nan. Ƙonni kan samu wajen milimita 500 a shekara. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 zai tara lita 25,000; in an zubar da kashi ɗaya cikin biyar na asara, saura lita 20,000, wato tano 100 ko bido 1,000 mai lita 20. Mai gida ya tambayi uwargida nawa ta ke biyan bido, ya ninka da kansa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: wahalar tana wurin ajiya. Damina daga Yuni zuwa Satumba ce, sauran wata takwas sai ƙura. Indararo da bututu ba su da tsada. Tanki shi ne kuɗi. A arewa maso gabashin Brazil, tun daga 2003 gwamnati ta tallafa wa shirin gina tanki miliyan ɗaya na siminti, kowane mai cin lita 16,000, don sha da girki kawai. Malbaza kuwa tun shekarun 1960 ta ke da masana'antar siminti. Ashe abin da ya rage shi ne magina da aka koya wa aikin, da bashi mai sauƙin biya.

Akwai sharuɗɗa. Ruwan farko na wankin rufi ne, ƙura ce da kashin tsuntsaye, a bar shi ya wuce. A rufe tanki ruf saboda sauro da yara. Wanda za a sha a tafasa shi ko a sa magani. Rufin soro kuwa laka ya ke bayarwa, sai dai wanki da ban ruwan itace.

Ma'aikaci zai ce shi ɗan haya ne, gobe takardar canjin wuri na iya jefa shi Gure ko Bilma, don me zai gina wa wani tanki? Yana da hujja. Tano biyu masu murfi dai ana iya ɗora su a mota tare da katifa. Babban gini kuwa nauyin mai gida ne.

Kada kuma hukuma ta fake da wannan. Daga SNE zuwa SPEN da SEEN a 2001, zuwa NDE a 2024, suna ya yi ta sauyawa, amma kai famfo unguwanni yana nan a wuyanta. Abin da ya dace da hukumomin gari na Ƙonni da Malbaza da Illela shi ne su fara da nasu rufin: lakwal, gidan likita, rumfunan kasuwa. A Tamil Nadu ta Indiya, dokar 2003 ta wajabta tarbon ruwan sama a kan gine-gine. A nan, ya isa a sa sharaɗin indararo da tanki cikin kowace kwangilar ginin aji, a kuma tambayi duk mai neman kujerar magajin gari ko zai sa hannu.