Mashayin Jini, Mai Rikiɗa Da Fatalwa A Gidan Haya Ɗaya

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa 'yan uwa matasa a kan wasan talabijin ɗin nan na Ingila mai suna Being Human.

Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa tsarkaka.

'Yan uwa, abin da za a tattauna a kai yau wani wasan kwaikwayo ne na Turawan Ingila. Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa zama irin wannan da wasan talabijin? To, abin da ya haɗa su shi ne matasa suna kallon irin waɗannan wasanni a wayoyinsu, ko an yi magana ko ba a yi ba, kuma duk abin da ido ya daɗe a kansa sai ya bar wani abu a zuciya. Gara a san me ya bari.

Sunan wasan Being Human, ma'ana zama mutum. Wani marubuci Bature mai suna Toby Whithouse ne ya ƙirƙiro shi. Tashar BBC Three ta fara nuna kashi ɗaya na gwaji a watan Fabrairun 2008, masu kallo suka yi ta koke a intanet cewa a ci gaba, sai aka soma shi sosai a Janairun 2009. Ya yi zango 5, ya ƙare a watan Maris na 2013. Amurkawa da 'yan Kanada su ma sun yi nasu, wanda aka nuna a tashar Syfy daga 2011 zuwa 2014, suka mai da labarin birnin Bostan. Amma na Ingilan shi ne tushe, kuma a kansa maganar za ta tsaya.

Labarin wasu mutum uku ne da suka haɗu a gidan haya ɗaya a birnin Biristol. Na farko Micel, wanda Aidan Turner ya fito a matsayinsa. Shi mashayin jini ne, wato wata halitta ta tatsuniyar Turawa wadda ba ta tsufa, ba ta da hoto a madubi, kuma ƙishirwarta jinin mutane. Abin da ya fi kusa da shi a tatsuniyar Bahaushe shi ne maye, illa dai shi maye kurwa ake cewa yana kamawa. Micel soja ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a fagen daga wani mai suna Herik ya mai da shi haka, ya yi shekaru da dama yana kisa, yanzu kuma ya ce ya daina. Na biyu Joj, Bayahude, mai kaifin basira da jin harsuna, wanda wata dabba ta yakushe shi a Sikotlan, daga nan duk daren da wata ya cika sai ya rikiɗa ya zama kyarkeci, bai san inda kansa yake ba sai gari ya waye. Kowa a nan ya taɓa jin labarin masu rikiɗa kura, to shigen wannan ne. Ta uku Ani, fatalwa. A gidan ta mutu, ta faɗo daga matakalar bene, daga baya ta gano ashe saurayin da zai aure ta, Owen, shi ya ingiza ta. Shi ne kuma mai gidan da suke biya wa kuɗin haya.

Abin da su ukun suke nema abu ɗaya ne, su rayu kamar kowa. Micel da Joj suka kama aikin leburanci a asibiti, tura marasa lafiya da goge-goge, don kada kowa ya lura da su. Ita kuma Ani ba ta da aiki sai dafa shayi, kofi bayan kofi, ta cika gida da shi, alhali ko kurɓi ɗaya ba ta iya yi.

To, a nan akwai abin lura. Shi marubucin da kansa ya bayyana cewa da farko babu aljani babu fatalwa a labarin. Mutane uku ne ya tsara: ɗaya jarabar mata ta kama shi yana neman rabuwa da ita, ɗaya ba ya iya riƙe fushinsa, ɗaya kuma tana tsoron fita waje cikin jama'a. Daga baya ne aka sa musu rigar tatsuniya. Saboda haka wanda ya kalli wasan ya tsaya a kan haƙora da farata, bai ga komai ba. Jinin da Micel yake fama da shi, jaraba ce. A sa kodin a wurin, ko tiramadol, ko caca, ko kallon batsa, za a ga labarin bai canza ba. Rawar jikin da yake yi in ya daɗe bai sha ba, da ƙaryar da yake shirga wa abokan zamansa, da cewa wannan ne na ƙarshe, duk wanda ya taɓa zama da mashayi a gida ɗaya ya san su.

Kuma a yi wa wasan adalci, a wannan ɓangaren ya faɗi gaskiya. Bai nuna cewa daina saɓo abu ne na dare ɗaya ba. Tun farkon labarin Micel ya kasa daurewa, ya afka wa wata abokiyar aikinsa mai suna Loren, ya mai da ita irinsa, ta zame masa alhaki mai bin sa duk inda ya sa ƙafa. Sannan ga tsofaffin abokai. Shi Herik ɗin ɗan sanda ne a garin, mai fara'a, mai daɗin baki, kuma shi ne shugaban mashaya jinin Biristol, hedkwatarsu wani gidan masu sana'ar shirya gawa. Bai cika yi wa Micel barazana ba. Lallashi yake yi, yana ce masa ka dawo cikin 'yan uwanka, su wancan ba za su taɓa karɓar ka ba, me ya kai ka wahalar da kanka? Wallahi da za a tambayi duk wanda ya koma wa shaye-shaye bayan ya bari, irin wannan maganar ce ta mai da shi, kuma daga bakin aboki ya ji ta.

Joj shi ma darasi ne. Ya gudu ya bar iyayensa da budurwarsa ba sallama, yana ta cewa abin da yake zama sau ɗaya a wata ba shi ba ne, wani abu ne daban da ke faɗo masa. Yakan kulle kansa a wani ɗaki a ƙarƙashin asibiti, ko ya shiga daji. Amma ranar da ya yi amfani da dabbar da gangan ya kashe Herik a ƙarshen zango na farko, a daren ne ya yakushi Nina, ma'aikaciyar jinyar da yake so, ita ma ta kamu. Mai zuciya kullum haka yake cewa, ai ba ni ba ne, raina ne ya ɓaci. Amma tabon yana jikin matarsa ko ƙaninsa.

Inda maganar take da nauyi shi ne zango na 2 da na 3, saboda haka a saurara da kyau.

Bayan mutuwar Herik, Micel ya karɓi shugabancin mashaya jinin da niyyar ya raba su da jini. Har taro yake haɗa musu irin wanda masu neman barin giya suke yi a ƙasashen Turai, kowa ya tashi ya faɗi damuwarsa. Abu ya fara kyau. Sai ga wani tsohon malamin coci mai suna Kemp, tare da wata farfesa mai suna Lusi, waɗanda suka ɗauki kawar da waɗannan halittu a matsayin aikin Allah. Aka dasa bam a gidan da suke taruwa, mafi yawansu suka hallaka. Micel ya gano cewa Lusin da ya amince wa tana ciki. Sai ya fusata, shi da wata mai suna Deizi suka shiga jirgin ƙasa a ramin Boks, wani rami da layin dogo ya ratsa ƙarƙashin tudu, suka kashe fasinjoji 20 waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Bayan haka me ya yi? Ya kwashe abokansa suka koma garin Bari a yankin Wels, suka kama wani tsohon masaukin baƙi. Ya ɓoye abin da ya yi. Yana tara yankakkun jaridun da suka ba da labarin kisan, yana ɓoyewa, yana murmushi a falo. Da asiri ya tonu, a ƙarshen zango na 3 a 2011, sai ya roƙi Joj ya soke shi da tsinin itace a zuciya, domin ya tabbata in ya ci gaba da rayuwa zai sake kisa. Joj ya soke shi. Wasan ya nuna wannan a matsayin ƙauna ta ƙarshe da aboki zai yi wa aboki.

To, 'yan uwa, a ajiye wannan a gefe, a ɗauko labarin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri, na mutumin nan cikin al'ummun da suka gabata wanda ya kashe mutum 99. Ya je wurin wani mai ibada ya tambaye shi ko yana da tuba, ya ce masa babu, sai ya cika 100 da shi. Sannan aka nuna masa wani malami, shi kuma ya ce ƙofa a buɗe take, amma ya bar garinsa domin garin mugunta ne, ya tafi wani gari inda ake bauta wa Allah ya zauna da mutanensa. Ya kama hanya, ajali ya riske shi a tsakani, aka auna aka samu ya fi kusa da garin mutanen kirki, aka yi masa rahama.

Ku dubi yadda labaran biyu suka yi tafiya tare, sannan suka rabu. Mai kisa ne nan, mai kisa ne can. Kemp shi ne mai ibadar farko, mai zafin addini ba ilimi, wanda ya rufe ƙofa, kuma rufewar ta jawo ƙarin jini. Amma malami na biyu babu shi a wasan. Akwai dai wani limamin cocin asibiti da aka nuna da mutunci a zango na farko, amma ɗan leƙowa ya yi ya wuce. Ba wanda ya taɓa zaunar da Micel ya ce masa akwai Wanda ake komawa gare Shi. Ya yi ƙaura kamar yadda wancan ya yi, sai dai shi gudun 'yan sanda ya yi, ya tafi da sirrinsa a aljihu. Nadama yana da ita, har ta hana shi barci. Amma malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: nadama, da barin saɓon, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuma akwai haƙƙin mutane a mayar ko a nemi yafiya. Iyalan mutum 20 ɗin nan ba wanda ya je ya tsaya a gabansu. Da nadama ta rasa inda za ta, sai ta zama yanke ƙauna, yanke ƙauna kuma ta nemi mutuwa.

Wannan shi ne haɗarin ga saurayin da yake da abin da yake ɓoyewa. Zai kalli Micel ya ga kansa, domin an tsara shi da kyau ta yadda dole ka tausaya masa. Sai ya fito da darasin cewa mai hali ba ya barin halinsa, iyaka dai a yi ta ɓoyewa har ranar da za a gaji. Kuma a ji tsoron Allah, masu zafin rai a cikin 'yan uwa su ma su duba kansu. Yaron da aka gani ya fara zuwa masallaci bayan an san shi a majalisar 'yan shaye-shaye, in aka tarbe shi da harara da tonon baya, to an yi aikin Kemp, kuma Herik yana nan a bakin layi yana jiran sa da fara'a.

Batun Ani kuwa gajere ne. A wasan, wanda ya mutu wata ƙofa ce take bayyana masa, in yana da abin da bai kammala ba sai ya tsaya a duniya. Ita har ƙofarta ta zo ta ƙi shiga, saboda a daidai lokacin an soki Micel. Wannan tatsuniya ce. Aya ta 99 da ta 100 a Suratul Mu'minun sun yi bayanin mai roƙon a mai da shi duniya bayan mutuwa, da amsar da ake ba shi, da barzahun da ke tsakani. Mamaci ba ya zama a falo yana dafa shayi. Abin da za a ɗauka a labarinta shi ne na Owen: mutumin da ya kashe yarinya a cikin gida, ya yi kuka a jana'iza, unguwa tana yi masa jaje.

Sannan a tambaya, shi zama mutum ɗin da suke ta nema, mene ne shi a wasan? In aka duba, aiki ne, da biyan haya, da zama gaban talabijin, da zuwa mashaya da yamma, da samun budurwa. Micel har maƙwabta ya gayyato shan shayi don ya ji shi ma ɗan unguwa ne. Akwai abin tausayi a ciki, kuma zumuncin da ke tsakanin su ukun abu ne mai kyau, yadda kowa yake rufa wa ɗan uwansa asiri yana jan sa daga bakin rami. Sai dai ma'aunin ya yi gajarta. Wanda ya rayu sama da shekara 100, ya ga yaƙin duniya da idonsa, a ce iyakar burinsa kada a gane shi a layi.

Daga zango na 4 an sake 'yan wasa, aka kawo Hal da Tom, daga baya Aleks, su ma mashayin jini da mai rikiɗa da fatalwa. A zango na 5 aka fito da Iblis da kansa cikin siffar wani tsoho a keken guragu mai suna Kyaftin Hac, zaune a otal yana raɗa wa mutane magana a kunne su je su hallaka kansu. An rufe wasan da su ukun sun farka sun ga sun zama mutane, amma aka bar alamar da ta sa masu kallo suka yi ta gardama, ko gaske ne, ko kuwa mafarki ne Iblis ya saka su a ciki.

Wanda bai kalla ba, ya sani akwai tsiraici da zubar da jini da ashar a ciki, ba abin da za a kunna a gaban ƙanne ba ne, kuma ba a ce kowa ya je ya nema ba. Lokacin salla ya gabato, a nan za a dakata, masu tambaya su rubuto a takarda a miƙo gaba.