Ranar da Kwamfuta Ta Fara Mayar da Amsa



A da, mai aiki da kwamfuta sai ya huda katuna, ya miƙa, ya jira. Ya jira wuni guda, wani lokaci har washegari. Ya yi kuskure ɗaya, sai a sake lale.

A shekarar 1964, a kwalejin Dartmouth ta Amurka, malamai biyu, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka fito da yaren kwamfuta mai suna BASIC. Ɗalibi ya rubuta umarni, amsa ta fito nan take. Ya yi kuskure, ya gyara nan take. Kamar almajiri a gaban malam, allo a hannu.

Abin da ya fi burge ni, sun yi shi ne don kowane ɗalibi, har wanda bai karanci lissafi ba.