A Dawo Mana Da Jirgin Ƙaura Namoda



An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan abin da wasu za su ce ba hurumin malamin firamare ba ne, wato batun dawo da jirgin ƙasa garin Ƙaura Namoda. Muna roƙon a yi mana haƙuri a saurara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A darasin zaman jama'a mukan koya wa yara hanyoyin sufuri: ta ƙasa, ta ruwa, ta sama. Idan muka zo kan jirgin ƙasa sai mu ɗauki alli mu zana shi a allo, tarago bayan tarago. Yaran da muke zana wa, da yawansu sun tsallako layin dogo da ƙafarsu a wannan safiyar kafin su iso aji, amma ba su taɓa ganin abin da aka shimfiɗa dogon dominsa ba. Akwai ranar da wata yarinya 'yar aji huɗu ta tambaye mu ko ƙarfen nan na kan hanya iyakar gonar wani ne. Ajin ya yi dariya, mu kuwa muka rasa abin cewa. Mu da muka yi yarinta a shekarun 1980 mun san kukan jirgi, mun san yadda tasha ke cika da masu tallar ƙosai da rake da 'yan dako, mun san iyayenmu na cewa za su je Zariya su kwana su dawo ba tare da an yi ta addu'ar hanya kamar za a tafi yaƙi ba.

Bari mu tuna wa juna tarihin a taƙaice. Jirgi ya shiga Kano a 1911. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya iso Ƙaura a 1929, a nan kuma ya tsaya. Har yau bai ƙarasa Sakkwato ba. Ba don ƙaunarmu Turawa suka shimfiɗa shi ba, gyaɗa da auduga da fatu suke so su kai bakin teku. Amma abin da aka yi don amfanin wani ya zame mana alheri. Kasancewarmu ƙarshen layi ya sa amfanin gonar Shinkafi da Zurmi da Moriki da Birnin Magaji ya riƙa taruwa a nan. 'Yan kasuwa daga kudu suka zo suka zauna, aka buɗe kantuna, gari ya bunƙasa. Gusau ma a gindin tasha ta yi girman da ya sa ta zama babban birni da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996.

Daga baya man fetur ya ture gyaɗa, aka mai da hankali ga kwalta da manyan motoci, jirgi ya fara zuwa jefi-jefi, har ya ɗauke ƙafa. An yi yunƙurin gyaran layin a shekarun baya, amma zirga-zirgar yau da kullum ba ta dawo ba.

To, me ya shafi malami? Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ake cirewa daga albashi kafin a yi maganar abinci. Malamin da ke ƙaro karatu a Zariya, da malamar da za ta kai mahaifiyarta babban asibiti, da mai ɗa a makaranta a Kaduna, duk hanya ɗaya suke bi, ta Tsafe zuwa Funtuwa, kuma ba sai mun faɗa wa kowa a ɗakin nan halin da wannan hanya take ciki ba. Taki da siminti da gishiri a mota suke zuwa mana, kuma kuɗin motar a kanmu ake ɗora shi. Manomi kuma yakan sayar da dawarsa da wakensa da araha saboda tsadar fitar da su. Manomin nan shi ne uban ɗalibinmu. Idan aljihunsa ya bushe, mu ne farkon gani: yaro ya zo babu littafi, ko a riƙe shi ranar kasuwa ya yi talla.

Mun san abin da za a ce, kuma ba ma raina shi. Za a ce ai ranar 28 ga Maris, 2022 aka tare jirgin Abuja zuwa Kaduna, aka kashe mutane, aka kwashe wasu suka yi watanni a daji, ina ga layin da ke ratsa dazukanmu? Gaskiya ne. Ba za mu ce a ɗora iyalanmu a tarago a sake su cikin daji babu tsaro ba. Sai dai wancan jirgin ba a rufe shi har abada ba. Kafin shekarar ta ƙare ya koma aiki da ƙarin jami'an tsaro. Tsare jirgi guda mai lokacin tashi sananne, da rana, ya fi sauƙi a kan tsare ɗaruruwan motoci da kowace ke tafiya ita kaɗai. Ana ma iya farawa da jirgin kaya, a ga kamun ludayinsa, kafin a ɗauki fasinja.

Wasu kuma na cewa tsohon yayi ne, a jira sabon dogo mai faɗi irin na Abuja da Kaduna da aka buɗe a 2016, ko wanda ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Muna yi wa Kazaure da Daura da Jibiya murna da zuciya ɗaya. Namu faɗinsa milimita 1,067 ne, nasu 1,435, kuma nasu ya fi gudu, babu musu. Amma namu yana nan a ƙasa, filinsa na nan, ba sai an biya diyyar gonaki ba. Da babu gara ba daɗi.

Akwai kuma abin da ya canja wanda da yawanmu ba mu lura ba. A da harkar jirgin ƙasa ta gwamnatin tarayya ce ita kaɗai. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar shiga cikinta. Saboda haka ƙofa biyu gare mu yanzu, ta Abuja da ta Gusau, kuma ɗan majalisar da zai ce mana ba huruminsa ba ne sai mu tuna masa.

Sai dai mu ma da namu laifin. Ƙarfen dogon da ake kwancewa da dare a sayar wa 'yan gwangwan, ba baƙi daga wata duniya ke kwance shi ba. Shagunan da aka kafa a filin reluwe da sharar da ake zubawa a kan layi, a gabanmu ake yi muna kallo. Duk sandar ƙarfen da ta ɓace ƙarin hujja ce ga mai son ya ce gyaran ya yi tsada.

Ga abin da muke roƙo. An rubuta takardar koke, shafi ɗaya, da Hausa da Ingilishi. Kowane shugaban makaranta ya ɗauki kwafi ya karanta wa iyaye a taron iyaye da malamai na wannan zango. Wanda ya yarda ya sa hannu ko ya dangwala, wanda bai yarda ba kada a matsa masa, kada kuma a sa ɗalibai su sa hannu don a cika lamba. Iyayenmu da suka yi ritaya, muna so ku jagorance mu zuwa fadar mai martaba sarki, da wajen shugabannin 'yan kasuwa da na manoma da direbobi, tun da su ma direbobin suna da haƙƙin a ji ta bakinsu. Daga nan sai a miƙa takardar ga wakilanmu na majalisar jiha da ta tarayya, da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya.

Takardun suna kan teburin sakatare a bakin ƙofa. A dawo da su kafin hutun ƙarshen zango, a rubuta sunan makaranta a saman kowace.