Matsoracin Kare da Yawan Toka: Tsofaffin Kalmomin Yabo a Makka

Da a ce yau wani zai tsaya a bainar jama'a ya ce da maigida, "Wane, karenka matsoraci ne, gidanka kuwa ya cika toka," lalle da sai an shiga tsakani. Amma a Makka ta zamanin Jahiliyya, wanda aka faɗa wa haka murna zai yi, har ya ba da tukwici, gama an kai shi ƙololuwar yabo. A kan irin waɗannan tsofaffin kalmomi zan yi magana yau, waɗanda yawancinsu sun fita daga bakin mutane sun koma cikin littattafai.

Bari mu fara da tokar. Larabawa na cewa da mutum "kasirur ramadi", watau mai yawan toka. Toka ba ta yawa sai inda ake ƙona itace da yawa, itace ba ya ƙonewa haka sai inda tukunya ba ta sauka daga murhu, tukunya kuwa ba ta kwana bisa wuta sai a gidan da baƙi ba su yankewa. Ashe karimci ake nufi. Haka nan "jabanul kalbi", mai matsoracin kare: karen ya saba ganin baƙi dare da rana har ya bar haushi. Akwai kuma "mahzulul fasili", mai ramammen ɗan raƙumi, domin nonon uwar ya ƙare a ƙwaryar baƙi, ko kuwa ita uwar ce aka yanka musu. Malaman balaga suna kiran wannan salo kinaya, kuma har gobe almajirin da ya yi nisa a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya yana gamuwa da waɗannan misalai. A ganina sun fi kalmar "karimi" armashi nesa ba kusa ba, don suna sa mai ji ya yi 'yar tafiya da hankalinsa kafin ya iske ma'ana.

Me ya sa yabon ya karkata wajen abinci haka? Makka kwari ce da ba a shuka, mazaunanta fatake ne, ga kuma mahajjata suna kwararowa kowace shekara. A irin wannan gari, wanda ya ciyar shi ne babba. Dubi laƙabin manyan Ƙuraishawa. Kakan mahaifin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sunansa na yanka Amru, amma duniya ta san shi da Hashimu, watau mai gutsuttsura gurasa, saboda a wata shekarar yunwa ya gutsuttsura gurasa cikin romo ya ciyar da mutanen gari. Ɗansa Abdul Muɗɗalibi ana ce masa Shaibatul Hamdi, furfurar godiya. Akwai kuma waɗansu 'yan ƙalilan da ake kira "zadur rakbi", guzurin ayari, cikinsu har da Abu Umayya mahaifin Nana Ummu Salama, domin duk wanda ya bi su fatauci ba ya ɗaukar guzuri. Shi kuwa Ƙusayyu, Mujammi'u aka sa masa, mai tarawa, don shi ya tattaro Ƙuraishawa ya zaunar da su kewaye da Ka'aba.

Kasuwar wannan haja ita ce Ukaz, kusa da Ɗa'ifa, wadda take ci kwana 20 na farkon watan Zulƙida, kana a tashi zuwa Majanna, sa'an nan Zul Majaz daf da aikin Hajji. Masu tarihi sun ruwaito cewa a nan ake kafa wa Nabigatuz Zubyani jar hema ta fata, mawaƙa su riƙa zuwa yana yanke musu hukunci. Kada a ɗauka abin wasa ne. An ba da labarin wani matalauci, Muhallaƙ, mai 'ya'ya mata da yawa waɗanda ba mai neman aurensu. Ya sauki mawaƙi A'asha, ya yanka masa taguwarsa, shi kuwa A'asha ya je Ukaz ya yabe shi. Ba a daɗe ba 'ya'yan duka suka sami mazaje. Yabo a lokacin nan dukiya ne, zambo kuwa yana iya sa ƙabila sukutum ta sunkuyar da kai shekara da shekaru. Kasuwar ta mutu wajen shekara ta 129 bayan Hijira, sai a 2007 hukumomin Saudiyya suka farfaɗo da sunanta da bikin waƙa da al'adu.

To, idan mawaƙi ya burge, me ake ce masa? Waɗansu su ce "lillahi darruka". Kalmar "darru" nono ce, watau nonon da ka sha har ka zama haka, lalle daga Allah yake. Waɗansu su ce "la fudda fuka", kada Allah ya karya bakin nan, watau haƙoranka su dawwama. Akwai kuma "bakhin bakhin", wadda ba ta da wata ma'ana sai jinjina da mamaki, kamar yadda Bahaushe zai ce "kai, kai, kai!" Mafi ban mamaki shi ne yabo da sigar zagi. Balarabe zai ji baiti ya ratsa shi, sai ya ce Allah ya yaƙi wane, dubi yadda ya iya waƙa, ko ya ce masa ba shi da uba, alhali kuwa ƙauna ce ta kawo haka. Mu ma, a gafarce ni, in ɗan dambe ya yi kisa mai kyau, ai kalmar da 'yan kallo suke jifansa da ita ba ta faɗuwa a gaban surukai.

Turawan Ingila ma suna da nasu tsofaffin. Kalmarsu "panegyric", wadda yanzu sai a littafi ake ganinta, ta fito ne daga Girkanci, asalinta jawabin da ake yi a babban taron jama'a, kusan dai irin na Ukaz. "Paragon", mutumin da ba shi da na biyu, ta samo asali daga sunan da mutanen Italiya suke kiran dutsen da ake gwada zinariya da shi. A Amurka ta wajen 1920 samari kan ce abu "the bee's knees" ne, gwiwar ƙudan zuma, in ya kai matuƙa wajen kyau. Wata kalmar kuma ta juya baya gaba ɗaya: "awful" a da tana nufin abin da ke cika zuciya da kwarjini, yau kuwa mummunan abu ake nufi da ita. Kalmar yabo takan lalace da yawan sawa kamar riga, sai a jefar a nemi sabuwa.

Da Musulunci ya zo sai ya sa wa yabo linzami. An yi hani ga kambama mutum a gaban idonsa fiye da kima, amma ba a hana faɗin gaskiya ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya fifita Zuhairu ɗan Abu Sulma bisa sauran mawaƙa, ɗaya daga cikin dalilansa kuwa shi ne ba ya yabon mutum sai da abin da yake gare shi. Wannan ma'auni zai yi wa maroƙanmu da dama tsauri.

Akwai wani gefen zancen da ya shafe mu kai tsaye. Hausawa sun daɗe a Makka, tun zamanin da ake tafiya a ƙasa shekara da shekaru ta hanyar Sudan, yawansu kuma ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, mabiyansa da dama suka ci gaba da nausawa gabas. Zuriyarsu ce ake kira Hausawi, a unguwanni irin su Jarwal da Misfala. Kakanninsu sun tafi da kirari a bakinsu: toron giwa, bajimi, ingarma, garnaƙaƙi, gagara-badau, kainuwa dashen Allah. In aka lura, namu yabon ya fi karkata ga ƙarfi da gagara, na Ƙuraishawa kuwa ga akushi. Da yawa daga cikin jikokin yau Larabci ne harshensu na farko, in za su yaba wa mutum sai su ce "bayyadallahu wajhak", Allah ya haskaka fuskarka. Ko a gida ma, a tambayi yaron Kano ma'anar badau, a ga ko zai amsa.